Wani ofishin dillalan filaye a Kano: takardunsu tsaf, amma tsarin biya a hankali da sauran gyara

Jama'a assalamu alaikum. Tunda labari ya fita cewa na gama biyan kuɗin fuloti ta hannun wani ofishin dillalai a nan Kano mutane ke ta tambayata wai ya suke, za a iya yarda dasu, nawa suke karɓa, toh bari kawai in rubuta yadda na gansu gaba ɗaya kowa ya karanta ya auna da aljihunsa. Bazan kama sunan ofishin ba, saboda akwai ƙorafin da zan yi kuma bana so a ɗauka na zo ɓata wa mutane kasuwa ne, irinsu ma suna da yawa yanzu a gari kuma tsarin nasu kusan duk ɗaya ne, duk abinda na faɗa anan zaka iya gwada shi a kan wanda kake shirin zuwa wajensa. A wajen gaskiyar fili da ingancin takarda na yaba musu sosai. A wajen tsarin biya a hankali kuwa, wanda shine ƙofar da mai albashi irina ke shiga, gaskiya raina bai kwanta ba har yau da na gama biya.

Abinda ya kore ni zuwa neman fili ba wani abu bane illa haya. Ina zaune a wajen Hotoro da iyali, ɗaki biyu da falo, kuma tsakanin 2023 zuwa 2024 kuɗin hayar nan ya kusa ninkawa, duk shekara idan lokaci ya kusa sai ka kasa barci kana jiran saƙon mai gida. Ni ban ma ga laifinsa da yawa ba don shima kasuwa ɗaya muke shiga, amma dai albashi baya tafiya da irin wannan gudun. Mafi ƙarancin albashi sai a watan Yulin 2024 aka mayar dashi naira 70,000, Kano ta ce 71,000, ka ɗauki wannan kuɗin ka cire abinci da kuɗin adaidaita da na makarantar yara ka faɗa min me ya rage da mutum zai tara ya sayi gida. Ginannen gida a cikin gari dama tuni muka cire rai, abinda ya rage wa irinmu shine fuloti a bayan gari a riƙa ɗora bulo a hankali.

Ofishin nasu abu uku suke yi, suna haɗa haya, suna dillancin ginannun gidaje da kangaye, sannan suna sayen gona babba su yanka fulotai su sayar, ko dai kuɗi hannu ko a biya a hankali. Abu na farko da ya burge ni basa karɓar kuɗin gani. Duk wanda ya taɓa bin dillalan bakin titi ya san zancen, kafin a nuna maka ko ƙofar gida sai ka bada na mai, a kai ka wajen da kai da shi duk kun san ba zaka saya ba, gobe kuma a sake. Su waɗannan ranar Asabar suke tara masu so su zuba su a mota ɗaya a je a ga filin, babu sisinka, kuma babu mai matsa maka sai ka ajiye kafin alƙalami a ranar. Yaran ofishin suna da ladabi, yallaɓai yallaɓai suke ta ce maka ko da a ƙafa ka zo, kuma matan da suka zo ba tare da mazajensu ba na ga ana yi musu bayani dalla dalla kamar kowa, ba a yi musu wannan kallon na je ki turo maigidanki ba. Mata ma suna da yawa a layin, wasu ƙungiyar adashi ce guda suka haɗu duk wadda ta kwasa sai ta zuba a fili.

Kafin in kai ga fuloti sai da na ce su nuna min ginannu ko Allah zai sa a dace da wani ɗan ƙarami. Sun kai ni Rijiyar Zaki da Ɗanbare da wajen Na'ibawa, kuma wallahi kuɗin da ake faɗa a kan kango wanda ko rufi babu, a 'yan shekarun baya da shi zaka sayi gida gamamme da tayil da silin a unguwa ɗaya. Nassarawa da Bompai ba ma a maganarsu, can na masu abin ne tun asali. Da muka dawo na zauna da dattijon da ke riƙe da ofishin, Alhaji kowa ke ce masa, na ce Alhaji don Allah ku dillalai ba ku ke hura wa farashin nan wuta ba kuwa, sai ya yi murmushi ya ce Malam da mu ke da iko da farashi ai da mun sauke shi don ciniki ya yawaita, la'adar gida goma masu sauƙi ta fi ta gida ɗaya mai tsada da zai shekara ba a taya ba. Ban yarda da shi ɗari bisa ɗari ba don na san akwai dillalan da ke ɗora nasu a kan kuɗin mai gida, amma bayanin da ya biyo baya gaskiya ne kuma kowa ya gani da idonsa. Ranar 29 ga Mayun 2023 aka cire tallafin mai, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 nan take, kafin ƙarshen 2024 ta taɓa 1,000, kuma duk tifar yashi da ta dutse da motar bulo mai ko gas suke sha. A watan Yunin 2023 aka saki naira, dalar da gwamnati ke bayarwa wajen 460 ta wuce 1,500 a farkon 2024, rodi da kwano da tayil da wayar wuta duk suka bi ta. Siminti kuwa buhun da bai kai 5,000 ba a farkon 2023 sai gashi ya haura 10,000 a watan Fabrairun 2024. Toh mai gida idan zai sayar lissafin da yake yi shine nawa zan kashe in sake gina irinsa yau, ba nawa na kashe lokacin da na gina ba.

Sai kuma abu biyu da ni na ƙara da su daga abinda na gani a layin masu saye. Na ɗaya, mutane na ta kwararowa Kano, daga Zamfara da Katsina da sauran wuraren da rashin tsaro ya hana zama, kafin su ma ga 'yan uwanmu na Borno da Yobe da suka zo tun shekarun baya, duk mai ɗan hali a cikinsu gida yake nema kuma baya tsayawa dogon ciniki don hankalinsa a tashe yake. Na biyu, 'yan kasuwa sun daina yarda su ajiye naira a banki tana narkewa, sai su zuba ta a ƙasa. A motar da muka je ganin fili akwai wani bawan Allah daga Kantin Kwari da ya nuna layi guda ya ce a rubuta masa, ba gini zai yi ba, ajiya ce kawai. Halal ɗinsa ne ba wanda ya isa ya hana shi, amma ni da nake neman inda zan sa 'ya'yana da shi muke gasa a kan fili ɗaya, kuma shi baya jin ƙarin da ni zai hana ni barci. Ko ina aka ji ƙishin ƙishin ɗin wani aiki, kamar tashar tsandauri ta Dala da ke Zawaciki wadda aka buɗe a Janairun 2023, ko inda layin dogon Kano zuwa Maraɗi zai bi, kafin talaka ya ji labari masu kuɗi sun riga sun saye gonakin gefen.

Yanzu ga inda ofishin nan suka ci kuɗinsu da gaskiya. Tun a zaman farko suka bambance min awon igiya da awon gwamnati ba tare da ɓoye ɓoye ba. Awon igiya shine mai gona ko magada su yanka da kansu, shaidarka takardar ciniki ce da sa hannun mai unguwa ko dagaci da shaidu, yafi sauƙin kuɗi amma lungu ne matsattse wani ko mota bata shiga, babu filin makaranta babu magudanar ruwa, kuma ranar da gwamnati ta zo da nata tsarin kana iya tashi ka ga titi ya bi ta tsakar gidanka. Awon gwamnati kuwa an fitar da tituna an sa lamba, zaka iya bin takarda har ka samu C of O, wato takardar shaidar mallakar fili ta gwamnati. Dokar filaye ta 1978 ta sa ƙasa duk a hannun gwamna take, kai izinin zama kake riƙe da shi, shi yasa takardar nan ba abin wasa bace. Bayan rusau ɗin da aka yi a Kano a tsakiyar 2023, da kuma sabunta takardun C of O da gwamnatin jiha ta fara a ƙarshen 2024, ina ga babu wanda ke buƙatar a yi masa dogon wa'azi a kan takarda. Su da kansu suka bani kwafin taswirar wajen da lambar fayil suka ce in je KANGIS, ofishin gwamnatin Kano mai ajiye bayanan filaye, in bincika da kaina kada in yarda da bakinsu, na je kuma abinda na tarar ya yi daidai da abinda suka faɗa. Dillalin da zai tura ka bincike da ƙafarka ba kullum ake samunsa ba.

Akwai kuma abinda ya faru a filin da shi ya sa na yanke shawarar tsayawa dasu. Wajen yana kan hanyar Gwarzo ne, bayan an wuce Janguza a karya a shiga ciki. Muna zagayawa na hango wani fuloti a kusurwa, titi biyu ya samu, ƙasar ta yi lumui ba ko tudu, na ce wa yaron da ke riƙe da tef wannan nake so. Sai ya kira Alhaji, Alhaji ya zo ya tsaya ya sa takalminsa ya tona ƙasar kaɗan, sama jar ƙasa ce amma ƙasanta baƙa ce mai danshi haɗe da gutsattsarin leda da ɓaraguzan bulo, ya ce Malam wannan cikon kududdufi ne, nan aka riƙa haƙar ƙasar gini shekarun baya, mun ciko shi ne don titi ya miƙe kuma mun bar shi filin wasan yara, ko ka ninka kuɗin bazan sayar maka ba don damina biyu katangarka zata tsage ka zo kana tsine min. Ya nuna min ciyawar da ta fito a gefen, irin mai son ruwa, kore shar alhali ko ina ya bushe, ya ce duk inda ka ga wannan da rani ka yi hattara. Ya ƙara da cewa in zan iya haƙuri in dawo a watan Agusta bayan an tafka ruwa in ga inda yake kwanciya kafin in zaɓa. Duk wanda ya san yadda gidaje ke rushewa da damina a unguwannin da aka cike kududdufai ya san darajar wannan maganar. Wani dillalin da rantsuwa zai sayar maka har ya ce ka yi sa'ar kwana.

Toh sai maganar kuɗi, nan ne kuma zan daɗe. Fuloti 50 da 50 kuɗi hannu naira miliyan 1.8 suka ce min a lokacin, idan a hankali zaka biya kuma miliyan 2.2, ka fara ajiye kashi 30 cikin 100, sauran a raba wata 18. Ka buga lissafin da kanka, kafin alƙalami 660,000, sannan duk wata kusan 86,000. Wato abinda ake tallatawa da sunan tsarin talaka biyansa na wata ya fi mafi ƙarancin albashin Kano gaba ɗayansa. Ni da na iya, sai da na haɗa albashi da ɗan abinda nake samu a gefe da adashin maman yara, aka rage cefane aka haƙura da ɗinkin salla, kuma na san da yawa daga abokan aikina ko kafin alƙalamin ba zasu iya haɗawa ba. Bambancin 400,000 da ke tsakanin kuɗi hannu da biya a hankali ni ban yi rigima da shi ba, malamai sun yi bayani cewa ya halatta a sayar da abu bashi da farashin da ya fi na hannu matuƙar an yanke farashi ɗaya a zaman ciniki an tsaya a kansa, kuma da yadda naira ke faɗuwa ba zan ce su yi asara domina ba.

Matsalar tana cikin takardar yarjejeniyar ne, shafi na biyu da yawancin mutane basa karantawa don da Turanci aka rubuta kuma da ƙananan haruffa. Akwai sharaɗin da ya ce idan ka yi lattin biya wata biyu a jere suna da damar su mayar da ragowar kuɗinka kan sabon farashi. Ka duba fa, a garin da fili ke tashi duk bayan 'yan watanni, mutumin da aka yi wa jinkirin albashi ko matarsa ta haihu aka yi mata aiki ko mahaifiyarsa ta kwanta asibiti, shine za a ce ragowar bashinsa ya ƙaru. Wannan ai ya fita daga ciniki ya koma ƙari saboda jinkiri, abinda mutane suka gudo daga banki saboda shi. Akwai wani malamin firamare da muka fara tare, dattijo mai kamala, rashin lafiya ta same shi a gida ya tsallake wata biyu, da ya dawo aka buga masa sabon lissafi na ga yadda ya riƙe takardar hannunsa na rawa yana ce wa yaron akawun ofishin, ɗana ka sake dubawa don Allah. Daga baya da muka taru muka roƙi Alhaji an rage masa wani abu, amma da roƙo aka samu, takarda bata bashi wannan haƙƙin ba. Yaron akawun har cewa ya yi wai kowa ya sayi rariya ya san zata zubar da ruwa, tunda ya sa hannu ya yarda kenan. Maganar ta yi min ciwo sosai, don mutumin bai san me ya sa wa hannu ba, babu wanda ya karanta masa da Hausa.

Sharaɗi na biyu da ban so ba shine ba a baka lambar fulotinka a rubuce sai ka gama biya. Da baki za a ce maka ga naka nan, har ka ɗauki hoto ka nuna wa iyali, amma idan mai kuɗi hannu ya zo ya nuna wajen babu abinda ya hana a matsar da kai layin baya. Ni Allah ya taimake ni na dage tun farko sai da aka rubuta lambar a bayan rasit ɗina na farko aka buga hatimi, kuma sun mutunta hakan har ƙarshe, amma na san wata baiwar Allah cikin matan adashin nan da aka mayar da ita can ƙarshen layi kusa da rafi bayan ta biya fiye da rabi. Na uku, idan ka gaza ka ce a dawo maka da kuɗinka, za a cire kashi 10 cikin 100 kuma ba za a baka ba sai sun samu wanda ya sayi fulotin. Su zasu sayar a sabon farashi mai tsada, kai a baka tsohon kuɗinka da ragi bayan naira ta ƙara lalacewa. Ta ko ina aka juya mai ƙaramin ƙarfi ne ke ɗaukar asarar.

Sannan ka shirya wa ƙananan kuɗaɗen da ba a faɗa a talla. La'ada kashi 5 cikin 100 duk da cewa filin nasu ne, kuɗin awo da dasa duwatsun iyaka, kuɗin rubuta takarda wajen lauyansu, sai wani wai kuɗin gyaran hanya wanda har yau ban ga greda ta shiga ba. Basu ɓoye su ba idan ka tambaya, kuma duk sisin da na biya an bani rasit, ta banki ma suka fi so a tura cikin asusun kamfani ba na wani yaro ba, wannan na yaba. Amma kamata ya yi a jera su a takarda ɗaya tun ranar farko mutum ya san jimillar abinda zai fitar. Wayarsu kuma kafin ka biya ringi ɗaya ake ɗagawa, lokacin da nake bin takardar ƙarshe sai da na riƙa zuwa da ƙafata don saƙon WhatsApp sai ya kwana ba a buɗe ba.

Wani abu da ya kamata duk mai sha'awa ya sa a lissafi kuma ofishin basa faɗa shine arahar bayan gari ba araha bace zalla. Wajen babu wuta babu famfo, makarantar kirki da asibiti da nisa, sai ka haƙa burtsatse ko ka dogara da 'yan garuwa, ga kuɗin sola. Idan a cikin gari kake aiki ka lissafa kuɗin adaidaita zuwa da dawowa na wata guda kai da yara, wani lokacin sai ka ga ya kusa kamo hayar da ka gudo. Ni dai na zaɓi in jure don abinda na biya a fili nawa ne, haya kuwa ta tafi kenan, amma kada wanda ya shiga da tunanin yana tarewa wahala ta ƙare.

Sun kuma ce suna taimaka wa ma'aikata cike takardun neman rancen gida na asusun NHF, wanda aka kafa tun 1992 ake cire wa ma'aikaci kashi 2.5 cikin 100 na albashinsa, bankin bada lamunin gidaje na tarayya ke bada rancen a kan ruwa kashi 6 cikin 100 har zuwa shekara 30. Idan ka gwada da bankunan kasuwa wannan sauƙi ne babba, don a ƙarshen 2024 babban banki da kansa ya kai ma'aunin ruwansa kashi 27.5 cikin 100, ka ga kuwa wanda zai ranta daga bankin kasuwa ya gina gida sai dai Allah ya kiyaye. Sai dai rancen yana son fili mai cikakkiyar takarda, wato mai awon igiya baya ciki, sannan mu nan da yawa ko kashi 1 ne ba zamu taɓa ba saboda riba. Na tambaye su ko suna da wata alaƙa da bankunan da basa mu'amala da ruwa irin Jaiz ko TAJ suka ce babu, kuma a gari irin Kano ina ganin wannan babban giɓi ne a aikinsu. Ni ban bi ta wannan hanyar ba don haka iyakar abinda zan ce kenan. Gidajen gwamnati irin na Kwankwasiyya da Amana da Bandirawo da aka gina tsakanin 2011 da 2015 suma idan an samu mai sayarwa suna dillancinsu, amma kuɗinsu ba na mai albashi bane.

Ɓangaren hayarsu kuwa shine na fi ƙi a duk aikinsu, kuma bazan tura kowa ba. Na raka ƙanina neman ɗaki ciki da falo zai yi aure, a nan na ga ashe su na mai gida ne ba na ɗan haya ba. Suna ƙarfafa wa masu gida su nemi kuɗin shekara biyu a dunƙule, ga la'ada kashi 10 a kai, ga kuɗin ajiya na gyara wanda samunsa idan zaka tashi sai an sha fama, sannan tambayoyin da ake yi wa mutum, yaranka nawa, a ina kake aiki, matarka na sana'a a gida ko a'a, mai yara da yawa tun a waya ake ce masa an kama gidan. Na faɗa wa Alhaji ido da ido cewa mutumin da ya ƙi sayar min da cikon kududdufi don tsoron Allah bai kamata ofishinsa ya zama inda ake juya wa mai iyali baya ba, ya ce masu gidan ne ke gindaya sharaɗi su 'yan aike ne kawai. Na ce amma Alhaji ku ke basu shawara, maganarku suke ji, ya yi shiru bai ce komai ba.

Don haka idan kana da kuɗinka a hannu kana neman fili mai takarda wanda ba za a kai ka kotu da magada ba, irin wannan ofishin ya cancanci la'adarsa, ka je hankali kwance amma duk da haka ka yi bincikenka a KANGIS, kuma kafin ka sa bulo ka nemi izinin gini a KNUPDA, hukumar tsara birane ta jihar Kano. Idan kuma a hankali zaka biya, ka tafi da wanda zai karanta maka yarjejeniyar layi layi, ka ce a rubuta lambar fulotinka a buga hatimi tun ranar kafin alƙalami, ka nemi a soke sharaɗin sabon farashi ko a mayar dashi ƙarin lokaci, kuma ka tambayi jimillar ƙananan kuɗaɗe a rubuce. Idan suka ƙi ko ɗaya daga ciki ka ɗauki hularka ka fita, ofisoshi sun yi yawa. Mu da muka saya a wajen mun haɗa kai mun rubuta musu takarda da sa hannunmu muna neman a fassara yarjejeniyar zuwa Hausa a kuma cire sharaɗin nan, Alhaji ya karɓa ya ce zai zauna da abokan haɗin gwiwarsa. Sabon yankan da suka buɗe a gaban namu na ga fuloti irin nawa sun sa shi sama da miliyan 3 kuɗi hannu, kuma kwafin yarjejeniyar da wani maƙwabcina ya karɓo satin da ya wuce har yanzu sharaɗin yana nan a shafi na biyu.